Daga Madubin Likita Zuwa DNA: Neman Cutar Da Ke Ɓuya Cikin Jini

Tsakanin 1969 da 1976, Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun gudanar da gagarumin bincike kan zazzaɓin cizon sauro a ƙasar Garki, wadda a wancan lokaci take cikin Jihar Kano, yanzu kuma take Jigawa. An yi feshin maganin sauro a ɗakuna, an raba wa mutanen wasu ƙauyuka magani, sannan duk bayan mako goma ma'aikata kan dawo su huda yatsun jama'a, su ɗiga jini a kan gilashi, su rina shi, su duƙufa a gaban madubin likita suna ƙirga. Littafin da Molineaux da Gramiccia suka fitar kan wannan aiki a 1980 har yau masana na komawa gare shi. Cutar ta ja baya ƙwarai, amma ba ta yanke ba, kuma da aka janye hannu sai ta dawo. Dalilan suna da yawa, ciki har da saurayen da ke kwana a waje inda feshi bai kai ba. Akwai kuma matsalar kayan aiki, wadda masu binciken kansu suka sani: mutum zai iya ɗauke da cutar a jininsa, gilashinsa ya fito wayam.

Asalin wahalar ita ce inda waɗannan ƙwayoyin cuta suka zaɓi zama. Tsutsar ciki tana fita a bahaya, a gan ta. Su kuwa waɗannan shigewa suke yi cikin ƙwayoyin jikin mutum ko na dabba su rufe ƙofa. Plasmodium na zazzaɓi yana farawa da hanta sannan ya faɗa jajayen ƙwayoyin jini. Babesia, mai sa saniya fitsarin jini, ita ma cikin jajayen ƙwayoyin jini take zama. Theileria tana shiga fararen ƙwayoyin jini ta sa su yi ta hayayyafa ba ƙaƙƙautawa. Leishmania ta fi su ƙarfin hali, domin cikin ƙwayoyin da aikinsu shi ne haɗiye baƙon abu su kashe shi take yin gida. Toxoplasma kuwa tana iya kwanciya a ƙwaƙwalwa da tsoka har ƙarshen rayuwar wanda ta kama.

A ranar 6 ga Nuwamba, 1880, wani likitan sojan Faransa mai suna Alphonse Laveran ya duba ɗanyen jinin wani soja a asibitin Constantine da ke Aljeriya, ya ga wata halitta tana motsi. Daga nan aka shiga shekaru talatin na gano abubuwa ɗaya bayan ɗaya. Victor Babeș ya ga Babesia a jinin shanun Romaniya a 1888. Smith da Kilborne suka nuna a Amurka, a 1893, cewa kaska ce ke yaɗa ta, karo na farko ke nan da aka tabbatar ƙwaro mai shan jini yana ɗaukar irin wannan cuta daga dabba zuwa dabba. Ronald Ross ya ga ta zazzaɓi a cikin sauro a Indiya a 1897. Leishman da Donovan suka bayyana Leishmania mai kawo cutar kala-azar a 1903, Nicolle da Manceaux suka ga Toxoplasma a jikin wani ɓeran duwatsu a Tunusiya a 1908. Abin da ya haɗa su duka shi ne ido da rini. Rinin da Gustav Giemsa ya kyautata a Hamburg a 1904, mai sa jikin ƙwayar cutar ya yi shuɗi, cibiyarta ta yi ja, shi ne har gobe ke cikin kwalba a ɗakunan gwaji na Kano da Damagaram.

Ba na cikin masu raina madubi. Da shi ake ƙirga yawan cutar a jini, a san ko mara lafiya yana cikin haɗari, kuma ƙwararren da ya shekara ashirin yana wannan aiki yana ganin abin da ɗalibi zai tsallake. Amma lissafi ba ya ƙarya. A ɗigon jini mai girman maikurolita ɗaya akwai jajayen ƙwayoyi wajen miliyan 5. Ma'aikaci na yau da kullum yakan fara ganin cutar ne idan ta kai 50 zuwa 100 a cikin wannan ɗigo. Babban mutum yana da jini kimanin lita 5. Ke nan wanda ke ɗauke da guda 20 a kowane maikurolita yana yawo da ƙwayoyin cuta miliyan 100 a jikinsa, a rubuta masa takarda cewa ba a ga komai ba. Sauro kuwa zai iya cizonsa ya kai wa yaron maƙwabta.

Matsala ta biyu ita ce kama. Nau'o'i dabam-dabam sukan fito da siffa ɗaya a ƙarƙashin gilashi. Theileria parva, wadda ke hallaka shanu a Kenya da Tanzaniya, da Theileria mutans, wadda saniyar Bafulatani ke ɗauke da ita tana kiwonta lafiya, da wuya a raba su da ido. Leishmania da ke tsayawa a gyambon fata da wadda ke shiga saifa ta kashe mutum, kamarsu ɗaya.

Daga tsakiyar ƙarnin da ya wuce aka koma neman sawun cutar a maimakon ita kanta. Sabin da Feldman sun fito da gwajin Toxoplasma a 1948, wanda ke duba garkuwar da jiki ya haɗa. ELISA ta zo a 1971 ta sauƙaƙa gwada ɗaruruwan mutane ko dabbobi a rana guda. Sai dai garkuwa takan daɗe bayan cuta ta tafi. A yankin da kusan kowane babba ya sha zazzaɓi tun yana goye, gwajin zai ce kowa ya taɓa kamuwa, abin da ba wanda bai sani ba. Wasu masana kuma suka bi ta kan sinadaran da ƙwayar cutar ke aiki da su, suna kwatanta yadda suke gudu idan an sa musu lantarki. Ta haka cibiyar Montpellier a Faransa ta rarraba nau'o'in Leishmania. Hanya ce mai inganci, amma sai an raini cutar a kwalba na makonni kafin a sami abin gwadawa.

Gwajin DNA na farko a wannan fage ya zo ne a farkon shekarun 1980. Wirth da Pratt a 1982 sun yi amfani da wani ɗan guntun DNA da aka yi wa alama don rarrabe nau'o'in Leishmania kai tsaye daga gyambo. A 1984 Franzén da abokan aikinsa a Suwidin suka yi irin haka da Plasmodium falciparum. Tunanin ya yi kyau: igiyar DNA ba ta manne wa kowa sai abokiyar haɗinta, don haka in ta manne, cutar tana nan. Amma alamar da ake sa wa guntun mai fitar da tururin nukiliya ce, tana lalacewa cikin 'yan makonni, kuma ƙarfin ganinta bai wuce na ƙwararren mai madubi da wani abin kirki ba.

Abin da ya sauya komai shi ne PCR. Kary Mullis ya ƙirƙiro ta a 1983 yana aiki da kamfanin Cetus a Kalifoniya, aka wallafa ta a 1985, ya sami kyautar Nobel a 1993. Tana aiki kamar makarantar allo da aka kawo wa rubutu ɗaya: ɗalibi ɗaya ya kwafa ya zama allo biyu, biyu su kwafa ya zama huɗu, huɗu su koma takwas. Ana zafafa DNA zuwa wajen digiri 95 igiyoyinta biyu su rabu, a sassauta zafin wasu gajerun guntaye da aka ƙera musamman su kama farko da ƙarshen wurin da ake so, sannan a digiri 72 wani sinadari ya cike tsakani. Zagaye 30 yana mayar da kwafi ɗaya ya haura biliyan. Da farko zafin yakan kashe sinadarin mai kwafi, sai an ƙara sabo a kowane zagaye. Mafita ta fito daga wata baktiriya mai suna Thermus aquaticus, wadda Thomas Brock ya samo a maɓuɓɓugan ruwan zafi na Yellowstone ya bayyana ta a 1969, ba tare da tunanin likitanci ba. Daga 1988 aka fara amfani da sinadarinta, wanda zafi ba ya kashewa, na'ura ta riƙa yin aikin ita kaɗai.

Masu binciken ƙwayoyin cuta suka gane da wuri cewa dabarar ita ce zaɓen wurin da za a kwafa. A nemi yankin da cutar ke da shi rututu. Leishmania tana da wasu 'yan zobban DNA wajen 10,000 a ƙwaya ɗaya. A Toxoplasma, Burg da abokansa sun samo B1 a 1989, mai kwafi 35, sannan a 2000 Homan ya samo wani guntu da ke maimaituwa sau 200 zuwa 300. Amfanin wannan ya bayyana a ɗakin awon ciki. Toxoplasma, wadda ake ɗauka daga kashin kyanwa ko naman da bai dahu ba, tana iya ratsa mahaifa ta lalata ido da ƙwaƙwalwar ɗan tayi. A da, likitocin Faransa kan ɗebi ruwan mahaifa su yi wa ɓera allura, su jira mako huɗu zuwa shida, uwa tana zaune cikin zullumi. PCR ta mayar da wannan jira kwana ɗaya ko biyu.

A fannin zazzaɓi, Georges Snounou da abokan aikinsa a Landan suka wallafa wata hanya a 1993 mai zagaye biyu: na farko ya tabbatar Plasmodium ce, na biyu ya faɗi wace daga cikin nau'o'i huɗu. Tana iya kama ƙwaya ɗaya zuwa biyar a maikurolita. Aka kuma gano cewa jinin da aka ɗiga a takardar tacewa ya bushe yana riƙe DNA ɗinsa, a sa shi a ambulan a kai birni ba tare da firji ba. Wannan ƙaramar dabara ita ta buɗe wa ƙauyukan Afirka ƙofar binciken. Da Lucy Okell da abokan aikinta suka tattara bincike da dama a 2009, sun iske cewa madubi yana kama kusan rabin abin da PCR ke kamawa ne kawai.

Labarin da ya fi burge ni a wannan tarihi ya faru ne a Kapit, cikin Sarawak ta Malesiya. Ma'aikatan asibiti a can sun daɗe suna rubuta Plasmodium malariae, nau'in da aka sani da sanyin hali da ƙarancin yawa a jini. Amma marasa lafiyar Kapit suna zuwa a galabaice, jininsu cike da cuta. Balbir Singh da Janet Cox-Singh na Jami'ar Malesiya ta Sarawak suka gwada jinin da PCR. Zagayen farko ya ce Plasmodium ce. Zagaye na biyu ya ce ba ko ɗaya daga cikin huɗun ba ce. Maimakon su zargi na'ura su wuce, sai suka karanta jerin DNA ɗin harafi-harafi, ya fito Plasmodium knowlesi, cutar birai. A rahoton da suka fitar a mujallar Lancet a 2004, mutum 120 cikin 208 ita ke jikinsu. Bambancin ba ƙarami ba ne: malariae tana ninka kanta duk sa'a 72, knowlesi kuwa duk sa'a 24, tana iya kisa cikin 'yan kwanaki. Ma'aikatan madubin ba su yi sakaci ba, abin da idonsu ya gani suka rubuta. Shekara shida bayan haka Colin Sutherland da tawagarsa suka nuna cewa Plasmodium ovale, wadda muke da ita a Afirka ta Yamma, nau'i biyu ce masu kama ɗaya. Haka kuma tsohuwar magana cewa Plasmodium vivax ba ta kama mafi yawan baƙar fatar Afirka, saboda jajayen ƙwayoyinsu ba su da ƙofar da ake kira Duffy, ta sami tangarɗa a 2010 da aka same ta a jinin irin waɗannan mutane a Madagaska.

Ɓangaren dabbobi ya amfana ƙwarai, ko da yake ba a cika ba shi labari ba. Saniyar da ta warke daga Babesia ko Theileria takan ci gaba da ɗauke da ita kaɗan-kaɗan, kaska na sha tana rarrabawa, kuma jininta yakan ƙunshi nau'i uku ko huɗu a haɗe. A 1999 Gubbels da abokansa a Utrecht ta ƙasar Holan suka haɗa wata hanya da ke gwada jinin dabbobi da yawa a kan nau'o'i da yawa lokaci guda, a kan takarda ɗaya. Da aka gwada shanun Fulani a Jihar Filato da wannan hanya, a binciken da Lorusso da abokan aikinsa suka wallafa a 2016, mafi yawansu suna ɗauke da cututtukan kaska, Theileria mutans da velifera ne a gaba. Cutar dawakin da aka daɗe ana kira Babesia equi an mayar da ita gidan Theileria a 1998, kuma tana cikin dawakinmu na hawan salla da na folo. Wani abin da ya kamata ya tayar wa makiyaya hankali shi ne kaskar Rhipicephalus microplus, wadda aka gano a Kodebuwa a 2007 bayan shigo da shanu daga Burazil. Tana jure maganin wanka, tana kuma yaɗa Babesia bovis, mafi muni a danginta. Ta yi kama da kaskokin gida ƙwarai, kuma da gwajin DNA ne Joshua Kamani na Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Vom da abokan aikinsa suka tabbatar da isowarta Nijeriya a rahotonsu na 2017.

A Sudan, inda kala-azar ta yi kaka-gida a Gadarif, kuma ta kashe kimanin mutum 100,000 a yammacin Upper Nile, wanda a lokacin yake cikin ƙasar, tsakanin 1984 da 1994, tabbataccen gwaji a da shi ne a soka allura a saifa ko ɓargo ko kaluluwa a zuƙo. Tsinken gwaji na rK39, wanda da fasahar DNA aka haɗa sinadarinsa, ya rage wannan azaba. Sai dai ya fi aiki a Indiya a kan gabashin Afirka.

Daga gano cutar aka wuce zuwa gano halinta. An kammala karanta dukan DNA ɗin falciparum a 2002: haruffa miliyan 23, ƙwayoyin gado kimanin 5,300. Kafin nan, a 2000, David Fidock da abokansa sun gano ƙwayar gadon da ke sa cutar ta bijire wa kulorokwin, a 2001 kuma Abdoulaye Djimdé na Mali ya nuna a kan marasa lafiyar ƙasarsa cewa canjin harafi a wuri ɗaya yana hasashen gazawar maganin. Wannan aiki na ɗan Afirka ta Yamma yana cikin ginshiƙan fagen. Duk wanda ya girma a shekarun 1990 ya san yaran da aka yi ta ɗura wa kulorokwin zazzaɓi bai sauka ba, kafin Nijeriya ta koma magungunan artemisinin a tsakiyar shekarun 2000. A 2014 Frédéric Ariey da tawagarsa suka gano kelch13, alamar bijire wa artemisinin a Kambodiya. Saboda an san inda za a duba, an hango irin wannan canji a Ruwanda a 2020 da Yuganda a 2021, tun kafin magani ya rushe gaba ɗaya. A zamanin kulorokwin kuwa, sai da yara suka yi ta mutuwa kafin a yarda.

Tsinken gwajin gaggawa da ke kowane kemis a yau shi ma yana buƙatar mai gadi. Mafi yawansu suna neman wani sinadari ne da falciparum ke fitarwa mai suna HRP2. A 2010, shekarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada kowa kafin a ba shi magani, Dionicia Gamboa ta ba da rahoto daga ƙasar Peru cewa wasu ƙwayoyin cutar sun yar da ƙwayar gadon HRP2 gaba ɗaya. Tsinke ba ya ganinsu, don haka ba a ba da magani, su kuwa su yaɗu. A Eritiriya abin ya kai ƙasar ta sauya irin tsinken da take amfani da shi a 2016. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan irin wannan kuskure ya haura kashi 5 cikin ɗari, a sauya. Da PCR kawai ake tabbatar da shi.

Duk da haka, ba na goyon bayan masu ganin PCR ce amsar kowace tambaya. Ganin DNA ba shi ne ganin ciwo ba. Yaron da ke fama da sanƙarau a Katsina a watan Satumba zai iya ɗauke da 'yan ƙwayoyin zazzaɓi a jininsa kamar sauran yaran unguwa, kuma gwaji mai tsananin gani zai iya karkatar da likita daga abin da ke neman ransa. Saniyar da ke ɗauke da Babesia kaɗan sau da yawa wannan ɗaukar ce garkuwarta, in an yi ta danƙara mata allura an ɓata kuɗi kuma an raunana garken. DNA takan yi saura a jini bayan magani ya yi aikinsa. Ɗigon da ya fantsama daga gwajin jiya zai iya sa na yau ya yi ƙarya. Kuma guntayen da aka ƙera abin da aka sa su nema kawai suke nema: na farkon da aka haɗa don knowlesi an gano daga baya suna kama vivax a wasu lokuta. Shi ya sa har yanzu madubi da tsinke ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar don duba mara lafiya a ƙasashen da cutar ta yi yawa. Wurin PCR shi ne sa ido a kan al'umma da garke.

An yi ƙoƙarin sauƙaƙa ta. LAMP, wadda Notomi da abokansa suka fito da ita a Japan a 2000, tana kwafi a zafi ɗaya na kusan digiri 65 cikin abin da bai kai sa'a ba, a ga sakamako da ido. A 2020 an nuna gwajin zazzaɓi da fasahar CRISPR mai rarrabe nau'o'i huɗu. Ana kuma da na'urar karanta DNA da ba ta wuce tafin hannu ba. Amma sinadaran aikin daga waje ake sayo su da dala, da yawansu kuma sai da sanyi.

Alƙaluman 2022 sun nuna mutum miliyan 249 sun kamu da zazzaɓin cizon sauro a duniya, 608,000 suka rasu. Kashi 31 cikin ɗari na mamatan 'yan Nijeriya ne, kashi 6 'yan Nijar. Miliyoyin yaranmu na shan maganin rigakafin damina kowace shekara, kuma ƙarfin wannan magani ya dogara ne ga wasu haruffan DNA da cutar ke iya canzawa. Muna da cibiyoyi irin su CERMES a Yamai, da ACEGID a Ede, da Vom, da asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri, kuma annobar korona ta bar na'urorin PCR a jihohi da dama. Ina kira ga gwamnatocin jihohin Arewa da hukumomin lafiya na Nijar su ware kuɗin sinadarai da wutar sola da albashin ƙwararru, domin a kowace damina a tara busasshen jini daga asibitocin karkara da kasuwannin kara, a duba shi a gida, a sanar da likitocin mutane da na dabbobi abin da aka gani kafin wata daminar ta shigo.